Baburan Tsere na Italiya: Wanda Ya Tara Kofuna da Wanda Ya Rayu

 

Mai girma shugaban taro, malamaina, iyayenmu makanikai da na hango a sahun gaba, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

An nemi in yi magana a kan baburan gudu na ƙasar Italiya da tarihinsu a fagen tsere. Dattawan da ke cikin zauren nan sun daɗe da sanin babur ɗin Italiya, domin Vespa da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi yayi a da, kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a 1946, shi ne kuma ya fito da keke mai ƙafa uku a 1948, kakan a-daidaita-sahun da ya cika titunanmu. Amma waɗannan na neman abinci ne. Namu na yau su ne jajayen nan da mahayi ke kwantawa a kan tankinsu, masu wuce kilomita 300 a awa guda. Kamfanoni biyu ne suka fi ɗaga sunan Italiya a wannan fage, MV Agusta da Ducati. Na farkon ya yi shekara 17 a jere ba a ƙwace masa kambin duniya ba, sannan ya rufe masana'antar baburansa. Na biyun ya fara da ɗan injin da ake ɗaura wa keke, ya sha kaiwa bakin kabari, amma daga 2022 zuwa 2025 shi ya ja ragama. Abin da ya bambanta su shi nake so mu bi a hankali.

Mu fara daga 1945. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ya bar Italiya a ragargaje, gadoji a karye, layin dogo a lalace, mota kuwa sai mai hannu da shuni. Talaka yana neman abin da zai kai shi wurin aiki da ɗan mai kaɗan. A gefe guda kuma ga masana'antun da suka saba da ƙera jiragen sama, an taka musu birki, injiniyoyi da maƙera na zaune hannu rabbana. Iyalin Agusta na cikin waɗannan, shi ya sa Domenico Agusta, wani mai sarauta kuma attajiri, ya kafa MV Agusta a 1945 a Cascina Costa, ba nisa da Milan. Su kuwa Ducati ba su taɓa ƙera babur ba. Kayan rediyo suke yi tun 1926, lokacin da Antonio Cavalieri Ducati da 'ya'yansa uku suka kafa kamfanin a birnin Bolonya. A watan Oktoba na 1944 jiragen ƙawance suka yi wa masana'antarsu ta unguwar Borgo Panigale ruwan bama-bamai. Da aka kwashe ɓaraguzai, sai suka kama ƙera wani ɗan inji mai cc 48 da ake kira Cucciolo, wanda ake ɗaura wa keken hawa na gida. Ko zanensa ma ba nasu ba ne, na wani lauya ne a Turin, Aldo Farinelli.

To, a ƙasar da kamfanonin babur suka yi yawa, ta yaya mai saye zai bambance na ƙwarai? Ta tsere. A lokacin ana yin tseren gari zuwa gari a kan titin kowa da kowa: akwai na Milan zuwa Taranto, daga arewacin ƙasar har kudancinta, akwai kuma Motogiro, wanda ake kwanaki ana zagaya Italiya, tafiyar da ke kai kilomita 3,000. Mutanen ƙauye suna tsaye a bakin hanya suna ganin babur ɗin da ya wuce da wanda ya mace, kuma da abin da idonsu ya gani suke shiga shago. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A 1949 aka fara gasar duniya, kuma cikin 'yan shekaru Italiyawa suka mamaye ta. Gilera ta ci ajin cc 500 da Umberto Masetti, ta sake ci sau uku a jere da Baturen Ingila Geoff Duke. Moto Guzzi ta gina ramin gwajin iska a masana'antarta ta Mandello del Lario, sannan injiniyanta Giulio Cesare Carcano ya cusa silinda takwas cikin inji mai cc 500, abin da har yau makanikai ke riƙe baki in sun gani. A 1957 Bob McIntyre, a kan Gilera, ya zama mutum na farko da ya zagaye hanyar tseren tsibirin Man da matsakaicin gudun da ya wuce kilomita 160 a awa.

A wannan shekara ta 1957 ɗin kuma komai ya juya. Fiat ta fito da ƙaramar motarta mai arha, Fiat 500, magidanci ya ga zai iya ɗaukar iyalinsa ba tare da ruwa ya jiƙa su ba, cinikin babur ya fara ja da baya. Wani mummunan haɗari a tseren motoci na Mille Miglia, wanda ya rutsa da 'yan kallo har da yara, ya kawo ƙarshen dogayen tseren kan titi. A ƙarshen kakar, Gilera da Moto Guzzi da Mondial suka haɗa baki suka janye daga gasar duniya saboda tsada. MV Agusta ta nuna kamar za ta bi su, sai ta fasa.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba. Daga 1958 zuwa 1974, duk wanda ya ci ajin cc 500 a kan MV Agusta ya ci shi: John Surtees, sai Gary Hocking na ƙasar Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, sai Mike Hailwood sau huɗu, sai Giacomo Agostini sau bakwai a jere, sai Phil Read sau biyu. Agostini shi kaɗai ya tashi da kambin duniya 15, kuma 13 daga ciki a kan MV ne. Gaskiya ce bayan Honda ta janye a ƙarshen 1967 ya yi shekaru ba shi da abokin karawa na a zo a gani. Amma a 1966 da 1967, lokacin da Hailwood ke kan Honda, an yi gumurzu na gaske, kuma Agostini ne ya fita da kambi.

Ina matsalar take? Shi Domenico Agusta kofi yake so. Kuɗin gidansu daga jirage masu saukar ungulu suke shigowa, waɗanda suka fara ƙerawa da lasisin kamfanin Bell na Amurka tun 1952, tsere kuwa abin alfaharinsa ne, kamar yadda wani basarake kan kiwata doki. Abin da ke cikin garejin tsere daban, abin da ke cikin shago daban. Da ya ga dama ya sayar wa jama'a babur mai silinda huɗu, sai aka yi shi mai cc 600, mai nauyi, da shaf maimakon cen, ta yadda ba wanda zai kai shi fage ya kara da na maigida. Ya rasu a 1971. Waɗanda suka gaji kamfanin suka duba littafi, suka ga jirgi na kawo riba, babur na cin ta. Agostini ya koma Yamaha a 1974, ya ci ajin cc 500 da ita a 1975. Ya dawo ya ba MV nasararta ta ƙarshe a Nürburgring ta Jamus a 1976, bayan 'yan shekaru kuma aka daina ƙera baburan gaba ɗaya. An farfaɗo da sunan daga baya, za mu zo wurin, amma wancan gidan ya mutu da mutuwar mai shi.

Yanzu mu koma Bolonya, mu haɗu da mutumin da na fi girmamawa a duk wannan tarihi, Fabio Taglioni. An haife shi a 1920 a garin Lugo, ɗan mai gareji ne, ya karanta aikin injiniya, ya koyar a makarantar fasaha a Imola, ya yi aiki da Mondial, sannan ya shiga Ducati a 1954 lokacin da kamfanin ke fama da kansa. Babur ɗinsa na farko, ɗan ƙarami mai cc 100 da ake wa laƙabi da Marianna, ya ci ajinsa a Motogiro na 1955. Amma abin da ya sa ake tuna shi shi ne yadda ya warware matsalar bawul, kuma a nan zan roƙi iyayenmu makanikai su gyara mini in na kauce.

A injin da muka saba da shi, kamshaf ke danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya mayar da shi ya rufe. Wannan yana tafiya daidai matuƙar inji bai yi tsananin juyawa ba. Amma in aka matse shi ya haura juyi dubu goma a minti ɗaya, sifirin na wancan zamani ba ya iya cim ma kamshaf. Bawul sai ya yi ta shawagi, bai gama rufewa ba fistan ya taso, ƙarfi ya zube, in abin ya zo da ƙarar kwana su yi karo inji ya tarwatse. Wasu suka ce a ƙara wa sifirin tauri, amma sifirin mai tauri shi ma yana cin ƙarfin inji. Taglioni ya bi wata hanya: a ba kowane bawul hannu biyu na ƙarfe, ɗaya ya tura shi ya buɗe, ɗaya ya ja shi ya rufe, dukansu kamshaf ke sarrafa su. Ku ɗauka ƙofa ce da aka cire mata robar da ke mayar da ita, aka ajiye mutum biyu, mai buɗewa da mai rufewa, kowa a kan lokacinsa. Wannan tsari shi ake kira desmo. Ba Taglioni ya ƙirƙiro shi ba, Mercedes-Benz ta yi amfani da shi a motocin tserenta na 1954 da 1955. Bajintarsa ita ce ya sa shi ya yi aiki a ɗan ƙaramin inji mai cc 125, wanda ya ci tseren farko da ya shiga a Hedemora ta ƙasar Suwidin a 1956, sannan ya nace har aka sa shi a baburan da ake sayarwa a shago daga 1968. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan hanyar Ducati ta rabu da ta MV.

Tsarin yana da tsadarsa. Saita bawul ɗin desmo aiki ne na haƙuri, tunda gibi biyu ake aunawa a kowane bawul, na buɗewa da na rufewa, kuma bakaniken da ba ya riƙe ma'auni da takarda ba shi da abin yi a wurin. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

A farkon shekarun 1970 baburan Japan masu silinda huɗu suka cika kasuwa. Taglioni ya amsa da inji mai cc 750, silinda biyu a kusurwar digiri 90, ɗaya kusan a kwance tana duban tayar gaba, ɗaya a tsaye. Siriri ne, iska na ratsa silindojin biyu, kuma ba ya girgiza sosai. Ranar 23 ga Afrilu 1972 aka yi tseren mil 200 a Imola. Manyan mahaya da dama sun ƙi tayin Ducati, har sai da aka samu Paul Smart ɗan Ingila, shi ma matarsa ce ta amsa masa tayin yana Amurka. Agostini ya fara jan gaba a kan MV, babur ɗinsa ya samu matsala ya fita. Smart ya zo na ɗaya, Bruno Spaggiari na biyu, dukansu a kan Ducati. Abin lura shi ne baburan nan daga jikin na shago aka gina su, kuma bayan nasarar kamfanin ya fitar da 750 Super Sport domin duk mai kuɗin saye ya hau kusan irin abin da Smart ya hau.

Haka aka sake yi a 1978. Mike Hailwood ya yi shekara 11 rabonsa da tseren tsibirin Man, yana da shekara 38, ga ƙafarsa da ta nakasa a haɗarin motar tsere a 1974. Ya dawo a kan Ducati 900 da wani shagon babura na Manchester ya shirya masa, ya zagaye hanyar nan mai kusan kilomita 60 sau shida, tsakanin katangun dutse da gidajen mutane, ya ci. Yana tsallake layin ƙarshe injin ya lalace. Ducati ta ƙera kwafin babur ɗin da sunansa, ta sayar da wajen 7,000, kuma wannan ciniki ya riƙe sashen baburan a shekarun da kamfanin ke hannun gwamnati, manyansa sun fi karkata ga injinan dizal.

Bari in ɗan ratse, domin na ga samari da yawa a bayan zaure. Wannan wasa ya ci rayuka. Gianni Degli Antoni da ya ci tseren Hedemora ya rasu a Monza a shekarar 1956 ɗin yana gwajin babur. Agostini ya daina zuwa tsibirin Man bayan abokinsa Gilberto Parlotti ya mutu a can a 1972. Ranar 20 ga Mayu 1973 Jarno Saarinen da Renzo Pasolini suka mutu a haɗari ɗaya a Monza, Marco Simoncelli kuma a Sepang ta Malesiya a 2011. Daga waɗannan mace-mace aka koyi kauda katanga daga bakin kwana, aka shimfiɗa tsakuwa, aka inganta hular kwano da rigar fata mai kare gadon baya, har ta kai yau rigar na ɗauke da jakar iska. Amma ku ji inda Hailwood da Smart suka gamu da ajalinsu. Hailwood ya rasu a 1981 a kan titin gari, yana cikin mota da 'ya'yansa, wata babbar mota ta yi kwana ba bisa ƙa'ida ba, 'yarsa ma ta rasu. Smart ya rasu a 2021 a haɗarin babur, shi ma a kan titin kowa. Idan titi bai ƙyale waɗannan gwanaye ba, ina ga yaron da ke ɗaga tayar gaba a ayarin kai amarya, kansa ba hula, ƙafarsa da silifas? Ina roƙonku da girman Allah ku bar wannan wasa.

A 1985 'yan'uwa biyu, Claudio da Gianfranco Castiglioni, masu kamfanin Cagiva, suka sayi Ducati. Wani matashin injiniya, Massimo Bordi, ya ɗauki desmo ɗin Taglioni ya ba kowace silinda bawul huɗu, ya sa sanyaya inji da ruwa. Ana cikin haka sai aka buɗe gasar duniya ta Superbike a 1988, wadda sharaɗinta shi ne a yi tsere da baburan da ake sayarwa a kasuwa. Gasar ta zo wa Ducati har gida, tunda abin da ta saba yi ke nan tun zamanin Imola. Dole a faɗi cewa doka ta taimaka mata: an yarda mai silinda biyu ya kai cc 1,000, mai silinda huɗu kuwa ya tsaya a 750. Kamfanonin Japan sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja, har Honda ta gaji ta ƙera nata mai silinda biyu ta ci gasar a 2000 da 2002. Duk da haka, Raymond Roche a 1990, Doug Polen sau biyu, Carl Fogarty sau huɗu, Troy Bayliss sau uku, ba doka kaɗai ke kawo irin wannan ba.

Babur ɗin da ya fi shahara a wannan zamani shi ne 916 na 1994, kuma wanda ya tsara shi, Massimo Tamburini, ba daga jami'a ya fito ba. Mutumin Rimini ne, sana'arsa haɗa bututun ɗumama ɗaki, shi da abokansa biyu, Bianchi da Morri. A 1972 ya faɗi da Honda 750 ɗinsa a filin Misano ya karya haƙarƙari, ya ce laifin firam ne, ya zauna ya ƙera wani da hannunsa. Daga nan kamfanin Bimota ya samo asali. A 916 ya haɗa firam na siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda kusurwa-kusurwa, ya mayar da salansa biyu ƙarƙashin sirdi, ya riƙe tayar baya da hannu ɗaya tak domin a canza ta da sauri. A 1998 gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a New York ya baje shi cikin abubuwan kallo. Tamburini ne kuma ya tsara babur ɗin F4 bayan Claudio Castiglioni ya sayi sunan MV Agusta ya farfaɗo da shi. Masu walda da ke cikinmu, wannan ɗan'uwanku ne a sana'a.

Saura babbar gasa, MotoGP, wadda tun bayan Phil Read a 1974 ta zama ta Japan. A 2007 Casey Stoner ɗan Ostareliya, yana da shekara 21, ya ci tsere 10 cikin 18 a kan Ducati ya karɓe kambin. Sai dai babur ɗin mai taurin kai ne, gudu a miƙe babu na biyunsa amma ba ya son kwana, kuma Stoner kaɗai ya iya lallashinsa. Valentino Rossi, wanda ya fara cin kambunan duniya a kan Aprilia kuma Italiya duka ke ƙauna, ya hau shi a 2011 da 2012 bai ci ko tsere ɗaya ba. A ganina wannan kunyar ta yi wa kamfanin amfani, domin ta tilasta masa yarda cewa gyaran a babur yake, ba a mahayi ba. A ƙarshen 2013 suka ɗauko Gigi Dall'Igna daga Aprilia. Ya liƙa wa babur ƙananan fukafukai domin iska ta danne tayar gaba, ya kawo na'urar da ke durƙusar da bayansa lokacin tashi, ya kuma baza baburan Ducati har takwas a fili, kowane mahayi yana iya duba bayanan da kwamfuta ta naɗa daga na sauran. Wanda ya gano dabarar wata kwana da safe, kafin la'asar sauran bakwai sun sani.

A 2022 Francesco Bagnaia yana bayan Fabio Quartararo da maki 91 a tsakiyar kaka, ya kamo shi ya wuce. Shi ne ɗan Italiya na farko da ya ci babban aji a kan babur ɗin Italiya tun Agostini a 1972. Ya sake ci a 2023, Jorge Martín ya ci a 2024, Marc Márquez a 2025, duk a kan Ducati, duk da bawul ɗin desmo. A kakar 2024 manyan tsere 20 aka yi, Ducati ta ci 19, ɗayan da ya rage kuma Aprilia ce.

Wani zai tambaya ko har yanzu waɗannan kamfanoni na Italiyawa ne. Ducati tana hannun Audi ta Jamus tun 2012, Benelli tana hannun Qianjiang na ƙasar Sin tun 2005, Aprilia da Moto Guzzi kuma suna ƙarƙashin Piaggio. Masu kuɗi sun canza, amma aikin Ducati bai bar Borgo Panigale ba, domin a yankin ne masu hannun suke, maƙwabta da Ferrari da Lamborghini da filayen Imola da Misano, da ɗimbin ƙananan maƙeru da ke yi musu kaya. Ko desmo ma kamfanin bai mayar da shi abin bauta ba. Ƙarfen sifirin ya inganta ƙwarai, don haka a injin Multistrada V4 na doguwar tafiya suka koma sifirin, mai babur ya yi kilomita 60,000 kafin a duba masa bawul.

Jarrabawa ta gaba tana zuwa a 2027. Dokar MotoGP za ta sauke inji daga cc 1,000 zuwa 850, ta haramta na'urar durƙusar da babur, ta rage fukafukai, taya kuma za ta koma hannun Pirelli. Wato kusan duk dabarun da Dall'Igna ya yi fice da su za a karɓe ko a datse, kuma Honda da Yamaha sun ƙagu su rama.

Shugaban taro, a nan zan dasa aya domin a samu lokacin tambayoyi.